Yadda Ake Kallon Zanen Dabba na Alli a Kan Takarda Mai Launi

Duk wanda ya tashi a Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zango a nan Kumasi, ya san rago tun kafin ya san harafi. Ya gan shi a turke ana jiran Babbar Salla, ya ji yadda dillalai ke latsa masa gadon baya da gindin jela don su san ko yana da kitse, ya kuma tsaya ya ga yadda mahauci ke raba kafaɗa da haƙarƙari. Amma da zarar an kai irin wannan mutum gaban zanen rago da aka yi da alli, a Cibiyar Al'adu da ke kusa da Kejetia, ko a wurin baje kolin ɗaliban zane na jami'ar KNUST, sai ya ce "ya yi kama" ya wuce, kamar ba shi da abin cewa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin rabin ilimin da ake bukata yana hannunsa. Ɗaya rabin, wato sanin takarda da alli da haske, shi zan shimfiɗa a nan bi da bi. Maganar hukuncin zana mai rai kuwa ta malamai ce, kowa ya san malamin da yake tambaya. Abin da na ɗauko shi ne aikin hannun mai zane da aikin idon mai kallo.

Mu ɗauka zanen da ke gabanka na rago ne, an yi shi da baƙin alli da farin alli a kan takarda mai ruwan ƙasa. Abin da zan faɗa zai yi maka aiki ko doki ne, ko kyanwa, ko zaki.

Ka fara daga nesa

Ka tsaya kamar taku huɗu ko biyar daga zanen, ka bar wayarka a aljihu, ka ba shi minti ɗaya cikakke ba tare da ka karanta sunan mai zanen ko farashin ba. Tambaya ɗaya ce a wannan mataki: me dabbar take yi? Tana kiwo, tana tuƙa, ta ji motsi ta ɗaga kai, ko ta gaji da ɗauri? Idan ka iya amsawa daga nesa, mai zanen ya kama tsayuwar dabbar, kuma wannan ya fi kowace ƙawa da za a yi wa gashi wuya.

Ka dubi takardar kafin ka dubi dabbar

Nan ne ya kamata ka daɗe, domin nan ne sirrin irin wannan zane yake. Wanda yake zane a kan farar takarda hanya ɗaya gare shi: yana farawa daga haske yana tafiya zuwa duhu, kuma duk inda yake son haske dole ya bar wurin babu komai. Wanda ya ɗauki takarda mai ruwan ƙasa, ko ruwan toka, ko shuɗiya, ya fara ne daga tsakiya. Launin takardar shi ne matsakaicin hasken jikin dabbar, baƙin alli yana tura wasu wurare zuwa inuwa, farin alli yana ɗaga wasu zuwa haske. Saboda haka aikinka na farko da ka matso kusa shi ne ka nemo wuraren da allin bai taɓa ba sam. Ka duba gefen cikin ragon, da faɗin cinyarsa, da kuncinsa. A hannun gwani za ka tarar fiye da rabin jikin dabbar takarda ce tsirara, amma daga nesa ka rantse an shafa wani abu a wurin. Idonka ne ya cike gurbin, saboda akwai duhu a gefe ɗaya da haske a ɗaya gefen.

Daga nan ka gwada takardar da ke cikin jikin ragon da wadda ke bayansa. Launi ɗaya ne, amma ɗaya ta zama nama da fata, ɗaya ta zama iska ko bangon gida. Abin da ya raba su wani lokaci bai wuce siririn layi ɗaya ba, wani lokaci ma layin ya katse, ciki da waje suka haɗe. A ganina wannan katsewa ita ce mafi daɗin abin kallo a zanen alli, kuma ba kuskure ba ce.

Launin da aka zaɓa ma yana da magana. Takarda mai ruwan ƙasa tana kawo ɗumi, tana dacewa da rago da doki da zaki da ƙurar rani. Shuɗiya tana sanyaya wuri, farin alli yana ƙyalli a kanta kamar hasken farin wata. Masu zanen birnin Benis na ƙasar Italiya sun shahara da shuɗiyar takarda tun ƙarshen ƙarni na 15, kuma ana yin ta ne da tsummokaran da aka rina, sau da yawa da shuni, irin rinin da Bahaushe ya sani a marina. A Faransa, Udri, wanda ya rayu daga 1686 zuwa 1755 kuma ya yi suna wajen zana dabbobi, ya yi aiki mai yawa da baƙi da fari a kan shuɗiyar takarda. A yau ɗalibai sun fi samun takardar kamfanin Canson da ake kira Mi-Teintes, sunan da ke nufin matsakaitan launuka a Faransanci, wadda fuskarta ɗaya tana da kaushi kamar saƙar zuma, ɗayar kuma ta fi santsi. Wanda ba shi da kuɗinta yakan yi da takardar buhun siminti ko irin wadda teloli ke yanka fasali a kai, kuma na ga aiki mai kyau a kansu.

Kaushin takarda shi ne yake riƙe garin alli. Idan ka karkata kanka ka dubi zanen ta gefe, za ka ga allin ya hau kan tudun takardar ya bar kwarinta, shi ya sa layin alli yake da ɗigo-ɗigo kamar yana numfashi. Inda ɗigon ya ɓace wurin ya yi sumul, mai zanen ya murza da yatsa ko da naɗaɗɗiyar takarda.

Ka gane allin da aka yi amfani da shi

Wannan mataki gajere ne. Tsofaffin masu zane na Turai suna da alli uku da ake haƙowa daga ƙasa: baƙi, wanda dutse ne mai laushi da ke ɗauke da sinadarin gawayi; ja, wanda launinsa daga tsatsar ƙarfe yake, kamar jar ƙasarmu; da fari, dangin farar ƙasa. Idan ka ga ukun a zane ɗaya, jan yakan tafi wurare masu jini da ɗumi, kamar cikin kunne, da hanci, da gefen ido. Gawayi ya fi baƙin alli yin ƙura da saurin gogewa, fensir kuwa yana ƙyalli idan haske ya doke shi ta gefe, abin da alli ba ya yi. Allin makaranta yana aiki, sai dai farinsa bai da ƙarfi kuma yana zubewa.

Ka nemo inda rana take

Ka koma baya taku biyu, ka kanne idanunka har gashi da ƙananan layuka su ɓace, ya rage fari da baƙi da launin takarda kawai. Yanzu ka tambayi kanka daga ina hasken yake zuwa. Idan daga sama ta hagu ne, farin alli ya kamata ya zauna a kan gadon baya, da saman kafaɗa, da bisa ƙaho, da doron hanci, duk ta ɓangare ɗaya, baƙin kuma ya taru a ƙarƙashin ciki, da tsakanin ƙafafu, da ƙasan haɓa. Idan ka ga fari ya watsu ko'ina, hagu da dama, sama da ƙasa, to mai zanen ya shafa shi ne don ado, bai tsaya ya lura da rana ba, kuma jikin dabbar zai baje kamar tabarma.

Akwai gwaji mai kyau da mu mutanen Zango za mu iya yi fiye da kowa, saboda mun san ragon Uda, wanda rabinsa na gaba baƙi ne ko ja, rabinsa na baya fari. Mai koyo yakan cika gaban da baƙin alli, ya cika bayan da fari, ya ce ya gama. Gwani ya san cewa launin gashi daban, haske daban. Farin gashin da ke cikin inuwa, a ƙarƙashin ciki, ba ya samun farin alli ko kaɗan, takardar ce ake bari ta tsaya masa, har a ɗan ƙara mata baƙi. Baƙin gashin da rana ta doka a kan kafaɗa kuwa ana sassauta masa hannu, a bar takarda ta leƙo ta cikinsa. Idan ka sami zanen da ya raba waɗannan abubuwa biyu, har kana iya cewa "nan fari ne a inuwa, nan baƙi ne a rana", ka tsaya ka ƙara kallo, domin ka haɗu da mai ido.

Ka kuma lura da inda fari da baƙi suka kusanci juna. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar ratar takarda tsakaninsu. Idan aka murza su tare, suna haifar da wani ruwan toka mai sanyi da dauɗa, wanda ba ya jituwa da ɗumin takardar, kamar toka da aka zuba a kan jar ƙasa.

Ka sa idon dillali da na mahauci

Yanzu ne ilimin gida zai yi aiki. Ka manta da gashi, ka nemi ƙashi. Ka bi gadon baya daga ƙeya zuwa gindin jela, ka ga ko layin yana hawa a kafaɗa, ya ɗan sauka a tsakiya, ya sake hawa a ƙugu. Ka nemi allon kafaɗa, da tudun ƙashin ƙugu, da kwarin da ke gaban cinya inda cikin rago ke lotsawa idan bai ƙoshi ba. Mai zanen da ya san ƙashi yakan nuna waɗannan wurare da ɗigon fari ɗaya ko lanƙwasar layi, wanda bai sani ba kuwa yakan lulluɓe su da gashi, dabbar ta fito kamar buhun da aka cusa wa auduga.

Ƙafar baya ita ce ke tona asirin mutane da yawa. Gaɓar da ke lanƙwashe zuwa baya, wadda yara ke kira gwiwa, dunduniya ce. Gwiwar gaskiya tana sama, kusa da ciki, tana kallon gaba. Rago da doki a kan ƙarshen yatsunsu suke tafiya. Na taɓa kai kawuna, wanda ya yi shekaru yana dillancin dabbobi a wajen mayankar Kaase, ya ga wani zane da ya burge ni. Bai dubi fuskar ragon ba ma, ƙafar baya ya nuna da sandarsa daga nesa, ya nuna mini cewa dunduniyar ta yi ƙasa da yawa, kuma dabba mai irin wannan ƙafa ba za ta kai kasuwa da ƙafarta ba. Na ce, "Kawu, amma dubi gashin nan." Ya girgiza kai kawai. Da na sake dubawa na ga gaskiyarsa, kuma tun ranar nake fara duba ƙafa kafin fuska.

Sai ka duba nauyi. Wace ƙafa ce take ɗauke da jikin? A ƙarƙashin kofaton da ya taka ƙasa ya kamata a sami ɗan duhu mai ƙarfi, ko da ɗigo ne, in ba haka ba dabbar za ta yi kamar tana shawagi. Kofaton rago rabe yake biyu, da ƙananan guda biyu a baya a sama kaɗan, na doki kuwa guda ne. Ƙaho yana da zobba-zobba, kuma yana murɗawa ne a sarari, wani sashe ya zo gaba wani ya koma baya, don haka ka ga ko hasken da ke kansa yana katsewa yana sake ɓullowa yadda murɗin ya nema. Ka tambayi kanka ma wane irin rago ne: Balami mai dogayen ƙafafu da gantsararren hanci, ko gajeren ragon kurmi mai geza a wuya da ƙirji? Zanen da ya iya gaya maka wannan an yi shi ne da kallon dabba takamaimai.

Ido yana da nasa gwajin. Baƙin idon rago da akuya da doki a kwance yake kamar ɗan sanda, na kyanwar gida a tsaye idan akwai haske, na zaki kuma zagaye. Ɗigon farin da ke cikin ido, wanda shi ne yake sa a ga rai, dole ya kasance ta ɓangaren da rana take.

Ka bi hannun mai zanen

Ka matso har ya rage kamu biyu tsakaninka da takardar, hannuwanka a baya. Kowane layi yana da mafari da ƙarshe: inda allin ya sauka yakan yi kauri, inda ya tashi yakan sirance. Da wannan za ka san inda hannun ya nufa da saurin da ya yi. Ka ga ko layukan gashi suna bin yadda gashin ke kwanciya a jikin dabba, daga kai zuwa jela, suna juyawa a ƙirji da gindin cinya, kuma ka ga ko layukan inuwa suna zagaya ciki kamar igiyar da aka ɗaura wa tulu. Hausawa na cewa kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma mai zanen da ya ƙware ba ya ƙirga ɗigon zabuwa ɗaya bayan ɗaya. Yakan yi kaɗan a inda haske ke juyawa zuwa inuwa, ya bar sauran ga idonka.

Idan ka ga ƙafa biyu a wuri ɗaya, ɗaya a dushe, ko kunne da aka zana sau biyu, kada ka ɗauka ƙazanta ce. Dabba ba ta tsayawa don a zana ta, ta motsa ne mai zanen ya bi ta. Haka nan idan an gama kai da kafaɗa tsaf aka bar ƙafafu da layi biyu-uku, mai zanen yana nuna maka inda hankalinsa ya tsaya.

Wannan ya kawo mu ga tambayar ko an ga dabbar da ido. A 1515 Dura, mai zanen Jamus, ya zana karkanda bai taɓa ganinta ba, daga wasiƙa da ɗan zanen wani, sai ya sa mata sulke kamar na mayaƙi da ƙaramin ƙaho a kafaɗa. A 1637 kuwa Rembrant, mai zanen Holan, ya tsaya gaban wata giwa mai suna Hansken da aka kawo Holan daga tsibirin da yau ake kira Siri Lanka, ya zana ta da baƙin alli, kuma tattarar fatarta da nauyin tsayuwarta suna shaida cewa gani ya kori ji. Zakunan da Rubens, mai zanen yankin da yau yake cikin Beljiyam, ya zana da baƙin alli da ɗan fari a farkon shekarun 1610, yana shirin babban zanensa na Daniyel a ramin zakuna, ɗaya yana gidan adana zane na ƙasa a Washintan, zakanyar da ya zana ta baya kuma tana Landan. Ana samun hotunansu a intanet, kuma sun cancanci ka buɗe su a babban allo ka nemi inda ya sa farin. A zamaninmu da yawa suna kwafa daga hoton waya. Ba laifi ba ne, amma yakan nuna: ko'ina a gama yake daidai wa daida, babu layin da aka gyara, kuma kan dabbar yakan yi girma fiye da kima saboda kamara ta matso kusa.

Ka raba aikin mai zane da aikin zamani

Idan zanen ya kwana biyu, wani abin da kake gani ba mai shi ne ya sa ba. Shuɗiyar takarda tana koɗewa ta koma ruwan toka, takardar siminti tana ƙara duhu tana karyewa, ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kuma alamar laima ce. Ka dubi bakin takardar da firam ya rufe, in ana iya gani, nan ne launinta na asali yake.

In za ka yi magana, ko ka saya

Ka gai da mai zanen yadda ya dace: "Malam, sannu da aiki," ko "Malama, Allah ya ƙara basira." Sannan ka faɗi abu takamaimai da ka gani, misali yadda ya bar gefen ciki babu alli, ka tambaye shi inda ya ga dabbar da dalilin zaɓen wannan takarda. Kada ka taɓa, kada ka hura, kada ka haska fitilar waya sai da izini.

Idan ka saya, ka ɗauke shi a kwance tsakanin kwali biyu, kada ka naɗe shi. Kada ka yarda a manne shi cikin leda da zafi yadda ake yi wa takardun shaida, domin wannan ba ya warwaruwa. A sa masa firam na gilashi, da kwali mai taga a tsakani don kada allin ya taɓa gilashin; roba mai kama da gilashi tana jan garin alli idan an goge ta. Kada a liƙa shi da salatif, kada a fesa masa maganin gashi, wanda yake dusashe fari kuma yake sa takarda ta yi rawaya. Gidajen tarihi suna ajiye irin wannan aiki a haske mai rauni, wajen luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, don haka ka nisanta shi da taga. A Kumasi, inda damina take zuwa sau biyu a shekara, ka rataye shi a bangon ciki wanda ruwa ba ya duka, nesa da hayaƙin murhu da na maganin sauro, ka sa ɗan abu a bayan firam ɗin don iska ta ratsa, ka kuma riƙa sauke shi bayan kowace damina kana duba bayansa saboda fumfuna da kyankyaso.

Ka gwada da hannunka sau ɗaya

Ka sami takardar buhun siminti, ka ɗauki fallen ciki mai tsabta, ka kakkaɓe shi ka shimfiɗa a kan katako. Ka ɗauko gawayi mai laushi daga murhu da guntun allin makaranta, ka zauna kusa da turke da hantsi, lokacin da rana take gefe ɗaya. Ka ja gadon baya da layi ɗaya, ka sa ƙafafu, ka zuba duhu a ƙarƙashin ciki da haɓa. Farin allin ka ajiye shi sai ƙarshe, kuma ka ƙayyade wa kanka wurare biyar kacal da za ka taɓa da shi. Kafin minti goma sha biyar ragon zai juya sau uku ko huɗu, za ka kuma ji hannunka yana ƙaiƙayin ƙara fari a wuri na shida. Ka ajiye allin a nan, ka jingine katakon a bango, ka koma taku biyar, ka kanne ido, ka duba ko gefen cikin da ba ka taɓa ba ya zama jiki.